Lokaci da Sukuni a Unguwar Kilomita Biyar

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a bakin Bahaushen yau, daga Kano har duk inda fatauci ya kai shi: "Wallahi ba ni da lokaci." Da ita ake ba da hanzarin rashin zuwa gaisuwar mutuwa, da ita ake sallamar yaron da ya kawo allonsa a biya masa, da ita kuma ake jinkirta la'asar har rana ta yi ja. Dattawa sun fi cewa "ban sami sukuni ba". Ɗalibin harshe zai lura cewa maganganun biyu ba kuka ɗaya suke yi ba. Mai cewa ba shi da lokaci yana ƙorafin ƙarancin sa'o'i ne, kamar wanda aka tauye wa mudu. Mai cewa bai sami sukuni ba kuwa yana ƙorafi ne a kan zuciyar da ta kasa zama wuri ɗaya. Kalmar ta fito ne daga Larabci, inda take nufin tsayuwa bayan motsi, kuma ita ce sunan alamar nan da almajirai ke kira ɗauri, wadda ke hana baƙi motsawa. Dattawan nan sun fi kusa da gaskiya, kuma akwai wata unguwa da tarihinta ya gwada hakan a aikace.

Unguwar ita ce Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sunanta ya samo asali ne daga nisanta da tsakiyar gari. Nan ne matattarar Musulmin birnin, Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da jikokin fataken Senegal da Mali, nan ne kuma babbar cibiyar cinikinsa. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, saboda haka mafi yawan haja daga tashar Duwala ta Kamaru take tasowa, ta ratso iyaka a Garwa Bulai, ta yi kwanaki a hanya kafin ta sauka. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke bisa wannan hanya kunnensa na kan waya dare da rana: direba ya kira, dillali ya kira, mai bin bashi ya kira, ga mai saye a tsaye yana taya da harshen Sango. In akwai wanda ya cancanci ya ce ba shi da lokaci, to shi ne.

Amma unguwar ta ɗanɗani kishiyar wannan hali. Bayan da 'yan Seleka suka kifar da gwamnatin François Bozizé a watan Maris na 2013, mayaƙan anti-balaka sun afka wa Bangui ranar 5 ga Disamba na wannan shekara. Dubban Musulmi suka tsere zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a Kilomita Biyar, inda fita 'yan tituna kaɗan daga unguwar kan iya zama ajalin mutum. Shaguna da yawa suka rufe, ciniki ya karye. Har ranar 30 ga Nuwamba 2015, sa'ad da Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacin Koudoukou, unguwar tana cikin ƙawanya. A waɗancan watanni mutumin da a da ba ya samun damar cin abincin rana ya wayi gari da sa'o'i ashirin da huɗu cif a hannunsa, babu mai saye, babu mota a hanya. Lokaci ya yi yawa har ya gundura, sukuni kuwa ko ƙanshinsa babu. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton cewa da za a ƙara wa mutum sa'o'i da ya huta.

Abin da ya rage a tsaye a irin wannan yini da ba shi da kai ba shi da gindi shi ne kiran salla. Kuma a nan ne harshen Hausa yake da abin koyarwa. Kafin zuwan agogo, wanda sunansa ma aro ne daga Yarabanci, Bahaushe da ibada yake yanka yininsa: asuba, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ita kanta kalmar "lokaci" daga Larabci ta shigo, daga kalmar da malaman fiƙihu ke amfani da ita wajen iyakance sa'ar kowace salla. Agogo yana raba yini gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa kamar 'yar'uwarta, kowacce kuma ana iya sayar da ita. Shi ya sa mai kallon agogo ba ya rabuwa da lissafin asara. Salla kuwa ta raba yini zango-zango, kamar yadda ayari ke raba tafiya. Kowane zango yana da farko yana da ƙarshe, kuma a ƙarshensa dole a sauke kaya.

Sauke kayan nan shi ne maganin. Raka'o'in farilla goma sha bakwai ne a yini, kuma ko an haɗa da alwala da tafiya masallaci da wuya su cinye sa'a ɗaya da rabi. Ba su ƙara wa kowa ko daƙiƙa guda. Abin da suke yi shi ne su tilasta wa mutum, sau biyar, ya yi abu ɗaya tak: ya ajiye waya, ya wanke gaɓoɓinsa bi da bi, ya fuskanci alƙibla, ya daina amsa wa kowa. Mai jin lokaci ya ƙure masa galibi ba aiki goma yake yi ba, aiki ɗaya yake yi yana ɗauke da tara a ka. Idan ya sallame ya koma shago, sau da yawa sai ya tarar cewa uku daga cikin taran ba na yau ba ne, biyu kuma ba ma nasa ba ne.

Magabata sun san wannan, har suka tsara shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan yadda ake rarraba wuridai a sassan dare da rana, kuma bai manta da mai sana'a ba, ya bar masa rabonsa na neman abinci. Batijjane, ko a Kano yake ko a Kaulaha ko a bakin kogin Ubangi, yana da lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga wazifa, ga zikirin yammacin Juma'a. Wanda ba ya ɗariƙa yana da azkar na safiya da maraice da hizifinsa na Alƙur'ani. Hikimar duka ɗaya ce: adadi ne ƙayyadadde a sa'a ƙayyadaddiya, abin da ake farawa a kuma gama. Kasuwa ba ta da wannan siffa, domin ba a taɓa gama ta.

Ba a rasa masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ɗan kasuwar Kilomita Biyar mai ramuwa ne. Ya yi asarar shekaru, kuma ko a ƙarshen Disamba na 2019 an ƙone shaguna a faɗan da ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da 'yan bindigar da ke karɓar kuɗi a hannunsu da sunan kariya. Wanda yake sake tara jari daga toka, in an ce masa ya rufe shago minti ashirin, yana ganin mai saye yana wucewa zuwa maƙwabci. Ga kuma matar da ke tashi kafin asuba ta hura wuta, ta nemo ruwa, ta shirya yara, ta fita talla. Ƙarancin lokacinta na gaske ne, kuma zalunci ne a miƙa mata carbi a ce matsalarta rashin natsuwa ce alhali mijinta yana zaune a majalisa. Ibadar da ta sa namiji ya sami sukuni amma ba ta sa ya ɗauke wa iyalinsa ko bokiti ɗaya ba, akwai gyara a cikinta. Haka nan wanda ke tsawaita wuridi daidai sa'ar da mai bin sa bashi yake sallama a ƙofa, wannan ɓuya yake yi.

Akwai kuma wani kuskure na zamani da ya kamata a kauce masa, wato tallata salla a matsayin dabarar ƙara ƙwazon aiki, kamar shan shayi. Wanda ya shiga sahu don ya fito ya fi cin riba bai sauke kayan ba, ya shigo da shagon cikin masallaci ne. Natsuwar tana zuwa ne daga amincewa da cewa akwai Mai lokacin, kuma arziki ba ya kuɓucewa saboda an tsaya a gabansa. Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki idan an kira sallar Juma'a, sannan ta ba da izinin a watsu neman falala bayan an idar. Dukansu biyu suna nan, kowanne da sa'arsa.

Bangui tana kusa da tsakiyar duniya, don haka tsawon yini ba ya sauyawa sosai daga damina zuwa rani. Agogonta ɗaya ne da na Nijeriya, amma da yake tana gabas ƙwarai, rana kan riga faɗuwa a can, wajen ƙarfe shida ko kafin haka. Sau da yawa abokin ciniki na Kano yana ganin da sauran rana a gabansa sa'ad da ya buga waya, alhali a Koudoukou ladan ya riga ya ta da iƙama, wayar kuma tana aljihun riga a kashe, mai ita yana daidaita kafaɗarsa da ta ɗan dakon da ya sauke masa buhunan sukari da hantsi.