"Ɗa na kowa ne", amma wa zai kwana da shi a asibiti?

Da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da irin wannan ƙorafin a Facebook ko TikTok ba. Matashiyar uwa ta dawo daga asibiti ko gidan biki ranta a ɓace, saboda wata baiwar Allah da ba ta taɓa gani ba ta tsare ta a gaban jama'a tana koya mata rainon ɗanta. "Ba shi ruwa mana, ba kya ganin zafin nan?" "Wannan yaron ai ba a cire masa beli ba, shi ya sa yake ramewa." "Ke ƙyale shi ya sha alewar, 'yan boko kun cika iyayi." Maza ma ba su tsira ba. Uba ya hana ɗansa wani abu a shago, sai wani ya zaro kuɗi ya saya wa yaron, yana dariya yana cewa, "Rabu da babanka, rowa ce."

Da an kawo zancen sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce shisshigi ne, kowa ya ji da nasa. Wasu su ce iyayen yanzu ba sa son gyara, shi ya sa tarbiyya ta lalace, ai ɗa na kowa ne. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, a ina haƙƙin jama'a a kan yaro ya tsaya, a ina na iyaye ya fara?

Inda karin maganar ta samo ƙarfinta

Lokacin da kakanninmu suke cewa ɗa na kowa ne, wannan "kowa" ɗin yana da fuska da suna. Gida ne na gandu, kaka tana nan, gwaggo tana nan, matan 'yan uwa suna nan. Mai jego tana komawa gidansu wanka, tsofaffi su kula da ita da jaririn har a yi arba'in. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ballantana ta tsaya kare shi. Wasu ne suke magana a madadinta, kuma su ne dai suke goya shi, su ciyar da shi, su kwana a kansa idan ba shi da lafiya. Maƙwabcin da ya tsawatar wa yaro a kan hanya ya san ubansa, ya san kakansa, gobe ma a masallaci ɗaya za su haɗu. Idan ya wuce gona da iri akwai inda za a kai ƙararsa.

Wato ikon yin magana a kan yaro tare yake tafiya da ɗaukar nauyinsa.

Yau fa? Ango da amarya suna gidan haya a Kano ko Kaduna ko Abuja, ƙofa a rufe, uwar miji tana wani gari. Su biyu suke biyan kuɗin magani, su biyu suke raba dare. Matar da ta haɗu da su a adaidaita sahu, minti goma za ta yi ta sauka, ba za ta sake ganin yaron ba har abada. Nauyin ya koma kan mutum biyu, amma bakin magana yana nan a wajen kowa. Wannan shi ne asalin rikicin. Kuma kar mu manta da ƙarashen karin maganar: ɗa na kowa ne, mugu sai mai shi. Ranar da abu ya lalace, masu shawarar duk watsewa suke yi, a bar mai ɗa da ɗansa.

Ba zancen jin haushi kawai ba ne

Da a ce abin ya tsaya a ɓacin rai, da sai mu ce a yi haƙuri. Matsalar ita ce wasu shawarwarin da ake rabawa kyauta a layin asibiti da motar haya suna taɓa lafiyar yaro kai tsaye.

Ɗauki maganar ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kar a haɗa masa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne, ya ishe shi ko a watan Afrilu. Ruwan da ake ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, idan kuma ba mai tsafta ba ne ya jawo gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla. Uwar da ta dage a kan haka ƙoƙari take yi, sai ga shi ita ake kallo a matsayin marar tausayi.

Ko kwalli. Mace ta karɓi jaririnki a gidan suna, kafin ki ankara ta rambaɗa masa, wai don ido ya yi haske. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6 ɗan asalin Najeriya. Da aka bi diddigi, kwallin da aka kai daga gida ake sa masa, kuma gwaji ya nuna kusan kashi 83 cikin 100 nasa dalma ce. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Haka zuma: likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara 1 ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai kai ya yaƙe ta ba. Cire beli kuma ga haɗarin zubar jini, ga shigar cuta ta aska.

Mun ma ga inda "an ce, an ce" ta kai mu. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, ba a ci gaba a Kano ba sai 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Har gobe akwai mai raɗa wa uwa a kunne a layin rigakafi cewa ta ɗauki ɗanta ta gudu.

Sannan akwai abin da baƙo ba ya gani. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya. Uwar da ta hana ɗanta shiga ruwan sama tare da sauran yara, ko ta lulluɓe shi da rigar sanyi, wataƙila ta san daren da za su yi idan ciwon ya tashi. Yaron da yake birgima yana ihu a kasuwa, wanda kowa ke cewa "a zane shi mana", wataƙila lalurar galahanga gare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hatta alewar da muke rainawa. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Anambra. Tun daga lokacin iyaye da yawa suka kafa wa 'ya'yansu doka: kar ka karɓi komai a hannun wanda ba ka sani ba. Duk ranar da wani ya tura wa yaro biskit a hannu uwarsa tana cewa a'a, yana cewa "karɓi abinka, rabu da ita", to ya koya wa yaron darasi biyu: maganar uwarsa ba ta da nauyi, kuma baƙo mai fara'a ya fi ta. Da niyya mai kyau ya yi, amma katangar da take ginawa ya rusa.

Sai kuma waya ta shigo

Dā idan an yi maka katsalandan, a wurin yake ƙarewa. Yanzu yaro yana fara kuka wani ya ɗaga waya. Daƙiƙa 30 na bidiyo, babu abin da ya faru kafin nan, babu abin da ya biyo baya, sai a sa masa take: "Ku kalli iyayen zamani." Kafin magariba dubban mutane sun yanke wa uwar hukunci. A nan mu matasa muka fi kowa laifi, don tsofaffin da muke ƙorafi a kansu ba su ne suke ɗorawa ba. Yaron nan zai girma, kuma intanet ba ta mantuwa. Kafin ka tura, ka tambayi kanka, da ƙaninka ne fa?

To a zuba ido ke nan?

A'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaro ya nufi titi da gudu, kama shi, ba sai ka nemi izini ba. An bar jariri a mota an rufe gilashi da rana, yi magana da ƙarfi. Ka ga ana dukan yaro dukan da zai ji masa rauni, shiga tsakani, ka kira manya ko hukuma. Wanda ya ga irin wannan ya wuce yana cewa "ba ruwana" ya fi mai shisshigi muni.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan haɗari ne yake tunkarar yaro yanzu-yanzu, na kowa ne. Idan zaɓi ne, kamar me zai ci, yaushe za a yaye shi, a ba shi waya ko a hana, a saya masa ko kar a saya, wannan na iyayensa ne. In kana ganin lallai akwai abin faɗa, ja uwar ko uban gefe, ka faɗa a hankali, ba a kunnen yaron ba. Nasiha a bainar jama'a tonon silili ce. Sau da yawa ma "Sannu, in riƙe miki jakar?" ta fi wa'azin minti goma amfani.

Yadda za a amsa ba tare da rashin kunya ba

Nan ne da wuya, domin yawancin masu maganar sun haife mu, kuma ba a tashe mu da mayar wa babba magana ba. Amma tsakanin yin shiru a cuci ɗanka da zazzaga wa dattijuwa rashin mutunci akwai hanya.

Fara da godiya, ki faɗi matsayinki a gajarce. "Na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. A asibiti sun ce sai ya cika wata shida." Ba sai kin kawo hujja goma ba, dogon bayani gayyatar musu ne. Idan ta maimaita, ki maimaita naki da murmushi: "Haka ne Mama, amma dai mun bar shi a hakan."

Idan hannu ya kai ga yaron, kamar za a ɗura masa wani abu ko a shafa masa, wannan ba lokacin kara ba ne. Karɓi ɗanki tukuna, gaisuwa ta biyo baya. "Yi haƙuri Inna, kawo shi, ba a ba shi komai."

Idan kyauta ce aka miƙo bayan ka hana, kai ka karɓa da hannunka. "Mun gode Baba, zan ajiye masa." Ka mutunta mai bayarwa, dokarka kuma ba ta karye ba. Da kun koma gida ka yi wa yaron bayani, don ya san maganarka tana nan.

Wanda ya ɗaga waya kuwa, a gaya masa kai tsaye: "Malam, don Allah kar ka ɗauki yarona. Goge."

Maza, ku ma da aikinku. Idan ana caccakar matarka a gabanka ka yi kamar ba ka ji ba, ka bar ta ita kaɗai a fili. Kalma ɗaya daga bakinka, "Ni na ce a yi haka," tana kashe zancen nan take.

Sannan a bar ƙofa a buɗe. Ba duk maganar tsofaffi ce camfi ba. Dattijuwar da ta ce miki idon jaririn nan ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti, ko ta ce goyon ya yi sako-sako, ta yi miki rana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki saurara, ki auna, abin da ya shafi lafiya ki tambayi ma'aikatan asibiti, sannan ku yanke hukunci ke da mijinki.

Yawancin masu karanta wannan shafi ko dai sun fara ajiye iyali ko suna hanya. Nan da 'yan shekaru mu ne za mu zama Hajiyar cikin adaidaita da Baban bakin shago. Tarbiyyar jama'a da muke kuka ta ɓace ba za ta dawo ta hanyar kunyata iyaye a kasuwa ba. Za ta dawo ne ranar da muka san sunan yaran maƙwabtanmu, muka je dubiya idan suna kwance, muka taimaka da kuɗin magani idan ta kama. Wanda ya yi wannan, idan ya yi gyara za a ji. Wanda bai yi ba, ya yi wa yaron addu'ar Allah Ya raya, ya wuce abinsa.