Raddi Ga Masu Cewa Duba Rahoton Bashi Aikin Masu Cin Riba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da ke yawo a majalisun samari daga Kawo har Tudun Wada, ta sanya rigar tsoron Allah, alhali kuwa sakaci ne tsagwaronsa. Ka ce wa ɗan'uwa ya nemi rahoton bashinsa ya duba, sai ya murtuke fuska ya ce: "Ni ba na cin bashin ruwa, ina ruwana?" To, da ruwanka, har da tsakinka.

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, duk asusun da ka buɗe a ƙasar nan ɗaure yake da lamba guda mai alƙaluma 11. Akwai kuma kamfanoni uku masu lasisin tattara tarihin bashin mutane: CRC, da CreditRegistry, da FirstCentral. Bankuna suna aika musu sunan wanda ya karɓa, da wanda ya biya, da wanda ya taushe. Kwamfutarsu ba ta san kana sahun gaba a Masallacin Sultan Bello ba, lamba kawai take gani. Idan ɓarawo ya karɓi bashi da lambarka, a wurinta kai ne ka ci.

Ta ina ɓarawon yake samu? Mafi yawanci mu ne muke miƙa masa da hannunmu. A turo saƙo a WhatsApp wai ana rabon tallafi, sai a yi ta rububin cike BVN da NIN da ranar haihuwa. Wani ma sayarwa yake yi a kan kuɗin da ba su kai na cefanen yini ba, ya ce ai asusunsa babu ko sisi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa! Ba kuɗin asusunka ake nema ba, sunanka ake nema. Kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba mai bin bashi damar cire haƙƙinsa daga kowane asusu da ke ɗaure da BVN ɗin wanda ake bi. Ranar da albarka ta shigo, ranar za ka sani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jingina wannan sakacin ga addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dakata daga sallatar wani mamaci da ake bin sa bashi, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Al'ummar da aka tarbiyyantar a kan wannan ita ce za ta ce ba ta son sanin abin da aka rubuta a kanta? Riba haramun ce, babu ja. Amma karanta takarda don ka san ko an yi maka ƙazafin bashi ba riba ba ne. Bankin Jaiz ma, da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da nan Kaduna, sai ya duba tarihinka kafin ya saya maka babur ta hanyar murabaha.

Ina kuma da magana da waɗanda suka karɓi rancen korona ta bankin NIRSAL a 2020 suka ce rabonsu ne na gwamnati. Ba ganima ba ce, bashi ne, yana nan a rubuce.

Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema ta shafin kamfanin kansa, ba ta hannun ɗan kamasho ba. Ka bi shi layi-layi. In ka ga bashin da ba ka sani ba, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da bankin da ya bayar, ka adana kwafi. In bankin ya share ka, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. In kuwa naka ne na gaskiya, babban abin da ke ɗaga makin da suke ba mutum shi ne biya a kan lokaci, wata bayan wata.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.