Wanda Ake Zaɓar Wa Rago Ba Zakara Ba Ne

Ranar 19 ga Disamba 2025, a birnin Miami na Amurka, an haɗa Anthony Joshua da Jake Paul damben boksin. Joshua ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi har sau biyu, kuma shi ne ya kashe Wladimir Klitschko a turmi na 11 a filin Wembley a 2017. Shi kuwa Paul a YouTube ya yi suna. Abin da aka fi saninsa da shi a dambe shi ne karawarsa da Mike Tyson a 2024, lokacin Tyson yana tsoho ɗan shekara 58. Joshua ya fi shi tsawo, ya fi shi nauyi da fiye da kilo 10, ya fi shi sanin sana'a nesa ba kusa ba. A turmi na 6 ya kashe shi, ya karya masa muƙamuƙi. Matasanmu kuwa, daga nan Bangi har Madawa, sun zuba kuɗinsu sun sayi data, sun hana idonsu barci har kusan asuba don su ga wannan abu.

Masu kare irin wannan haɗi suna da suna mai daɗi da suke kiransa: wai damben motsa jini ne. Wai babban ɗan dambe, in yana shirin gamuwa da tsaransa, sai an fara nemo masa wanda bai kai shi ba, ya ɗumama hannu, ya dawo da ƙarfin zuciya. A majalisun shayi ma haka za ka ji: "A bar Joshua ya samu mai sauƙi tukuna kafin a kai shi gaban Tyson Fury." Ni kuwa na ce wannan dabara cuta ce. Tana cutar zakaran, tana cutar wanda aka kawo a doke shi, tana cutar mai kallo da ya biya. Kuma tarihin damben kansa ya isa shaida.

In aka zaɓo wa zakara wanda ake ganin rago ne, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai mutumin ragon gaske ne, ko kuwa an yi masa kallon kitse ne alhali rogo ne mai tauri.

Mu fara da na biyun. A ranar 11 ga Fabrairu 1990 aka kai Mike Tyson birnin Tokyo ya kara da James Buster Douglas. Tyson ya yi dambe 37 ba a taɓa doke shi ba, kuma hankalin kowa yana kan babbar karawar da ake shirya masa da Evander Holyfield. Masu caca sun sa Douglas a 42 bisa 1, wato ba su ga ko alamar zai yi nasara ba. Raini ya kai mutanen Tyson ba su zo da ƙarfen nan mai sanyi da ake danne kumburin ido da shi ba, sai safar hannu ta roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna manna masa a fuska. Douglas, wanda mahaifiyarsa ta rasu makonni uku kafin ranar, ya kashe Tyson a turmi na 10. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba a ɗauki darasi ba. A Afrilun 2001 Lennox Lewis ya tafi Afirka ta Kudu don ya kare kambunsa gaban Hasim Rahman, idonsa yana kan Tyson. Wurin damben yana kusa da Johannesburg, ƙasa mai tudu inda iska ke da ƙaranci, baƙo sai ya jima kafin numfashinsa ya saba. Rahman ya isa da wuri. Lewis ya tsaya a Las Vegas ana ɗaukarsa a wani fim, ya iso a makare. Naushi ɗaya na dama a turmi na 5 ya raba shi da kambun. Da suka sake haɗuwa a Nuwamban shekarar, Lewis ya yi shiri na gaske, ya kashe Rahman a turmi na 4. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne a karo na farko an gaya masa cewa aikin mai sauƙi ne, shi kuma ya yarda.

Joshua da kansa ya ɗanɗana. A ranar 1 ga Yuni 2019, a New York, an kawo masa Andy Ruiz a madadin Jarrell Miller da aka kama da shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Duniya ta yi ta dariyar tumbin Ruiz, ana ta lissafin ranar da Joshua zai gamu da Deontay Wilder. Ruiz ya kai shi ƙasa sau huɗu, alƙalin wasa ya tsayar da damben a turmi na 7. Raina kama ka ga gayya.

To, a ce ragon na gaske ne fa? Nan ma asara ce, sai dai ba a ganinta sai ranar biyan bashi. Bayan Oleksandr Usyk ya doke Joshua sau biyu, a 2021 da 2022, sai aka jera masa huɗu: Jermaine Franklin, Robert Helenius, Otto Wallin da Francis Ngannou. Helenius mako ɗaya kafin nan ya yi wani damben, aka kira shi ya cike gurbin Dillian Whyte. Ngannou, ɗan Kamaru, gwarzo ne a wasansa na faɗan keji, amma damben boksin ɗaya tak ya taɓa yi kafin ya tsaya gaban Joshua. Joshua ya cinye su duka, aka yi ta kirari cewa zaki ya dawo. A ranar 21 ga Satumba 2024 aka kai shi gaban Daniel Dubois a Wembley, saurayi mai hannu kamar taɓarya. Tun turmin farko ya kai Joshua ƙasa, a turmi na 5 ya gama da shi. Ina amfanin nasarori huɗun nan? A cikinsu babu wanda ya matsa masa lamba, babu wanda ya tilasta masa ya ja da baya ya yi tunani yana shan duka. Ya shiga filin da tabbacin da aka saya masa, kuma naushin farko ya watsar da shi.

Fury ma haka. A Oktoban 2023, yana riƙe da kambun WBC, yana shirin gamuwa da Usyk, sai aka haɗa shi da Ngannou a Riyad. Don Allah mai karatu ka duba wannan lissafi. Usyk bahago ne, bai kai Fury girma ba, ƙafarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ngannou da dama yake duka, ƙato ne, a tsaye yake jiran ka. Wanda zai yi tsere da barewa, me zai koya daga kokowa da bijimi? Ngannou ya kai Fury ƙasa a turmi na 3, da ƙyar Fury ya sha a hannun alƙalai, biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Ngannou. A Mayun 2024 Usyk ya doke shi. Damben motsa jinin bai koya masa komai game da Usyk ba, kuma ya rage masa kwarjini.

Mu malaman makaranta mun san wannan cuta ciki da bai. Kafin yara su zauna jarrabawar BEPC akan yi musu ta gwaji. Na san wata makaranta da aka sassauta tambayoyin gwajin don iyaye su ji daɗi, a ce malamai suna aiki. Yara suka kwashi maki, aka yi ta murna, wasu suka ajiye littafi. Da sakamakon jarrabawar gaske ya fito, unguwa ta yi tsit kamar an yi mutuwa. Gwaji mai amfani shi ne wanda ya yi kama da ranar gaske, ko ma ya ɗan fi ta zafi, don yaro ya ga raminsa tun da sauran lokacin cikewa. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibi rauninsa ba ƙaunarsa yake ba, kansa yake karewa. Haka mai shirya dambe da ke nemo wa zakara rago: jarinsa yake tsaro. Babbar karawa tana da miliyoyin daloli, in zakaran ya faɗi kafin ranar, kuɗin sun bi ruwa. Don haka ake neman mai suna marar haɗari, a sayar wa jama'a tikiti, a kira abin dambe.

Za a ce mini: to wanda ya daɗe bai yi dambe ba fa, haka za a jefa shi bakin kura? Tambaya ce mai ma'ana. Fury ya bar fage daga Nuwamban 2015 har Yunin 2018, yana fama da ƙiba da ciwon damuwa. Da ya dawo ya fara da Sefer Seferi da Francesco Pianeta kafin ya yi canjaras da Wilder a Disamban 2018. Ban ga laifin wannan ba. Mutum ne da ya tashi daga jinya, ba ya riƙe da kambun kowa, kuma kowa ya san abin da ake yi. Amma a tuna da Vitali Klitschko. Ya yi kusan shekara huɗu bai shiga fili ba saboda raunuka. A Oktoban 2008 ya dawo kai tsaye gaban Samuel Peter, ɗan Najeriya mai riƙe da kambun WBC, ba tare da wani damben motsa jini ba. Ya yi ta dukan Peter har ya kasa tashi daga kujera bayan turmi na 8. A sansanin horo ake kankare tsatsa, da abokan atisaye masu zafin hannu. Wanda ya yi wannan aikin da gaske ba ya bukatar a kawo masa wani a gaban kyamara ya huce a kansa.

In ma har dole sai an yi damben share fage, ai akwai ƙa'idar da hankali zai ɗauka. A zaɓo wanda yake cikin goman farko a jerin ƙwararru. A zaɓo wanda salonsa ya yi kama da na babban abokin gabar da ake shirin fuskanta: in bahago ne a nemo bahago, in dogo ne a nemo dogo. A zaɓo wanda in zakara ya yi sakaci zai iya kayar da shi, kuma a faɗa wa zakaran haka ƙarara. A ba shi isasshen lokacin shiri, kada a kira shi ana saura kwana biyar. Wallin da ya tsaga wa Fury gira a Satumban 2019, har aka yi masa ɗinki 47, ya fi yi masa amfani a kan duk ragwayen da aka taɓa kawo masa, domin watanni biyar bayan nan Fury ya ragargaji Wilder. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne wanda aka kawo a doke shi. Naushin mai nauyin fiye da kilo 100 ba wasa ba ne. Yana karya ƙashi, yana girgiza ƙwaƙwalwa, wani lahanin sai bayan shekaru yake bayyana. Jake Paul attajiri ne, yana da kuɗin likita. Amma yawancin waɗanda ake ɗaukowa don zakara ya motsa jini talakawan dambe ne, masu iyali, da ke karɓar duka don su ci abinci. Hukumar da ta san an haɗa kura da akuya kuma ta sa hannu a takarda, da ita za a raba alhakin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ƴan Nijar mu riƙa yaba wannan tsari, alhali muna da wanda ya fi shi a gida. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a Tawa, wadda Yakuba Kantu na Maradi ya lashe, wa ya taɓa jin an ce a nemo wa sarkin kokowa mai sauƙi ya fara da shi? Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, mutum tamanin ke nan. Ɗan Madawa ko Buza ko Keita sai ya kayar da na gida kafin ya shiga goman Tawa. A fagen ƙasa kuwa, faɗuwa ɗaya ta raba ka da takobi, ko kai wane ne. Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobi sau shida, amma kowace shekara daga ƙasa yake farowa kamar kowa. A Disamban 2024, a gaban mutanen garinsa, Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a karon ƙarshe. Wannan faɗuwar ba ta rage masa daraja ba, domin kowa ya san takubbansa shida ba zaɓar masa abokan karawa aka yi ba. Na san ana ƙorafin cewa wani lokaci kuɗi kan shiga tsakanin ƴan kokowa, wani ya kwanta wa wani. Amma mu abin kunya muke ɗaukarsa, a ɓoye ake yi, in ya fito a yi tir. A damben Turawa kuwa an mayar da kusan irinsa sana'a, da talla da tikiti.

A damben gargajiya ma, wanda ya ɗaura zare ya fito tsakar fili, ya riƙa kauce wa tsaransa yana nuna ƙananan yara, ƴan kallo ne za su fara yi masa ihu kafin makaɗi ya juya masa baya. Da Shago ragwaye ya yi ta kashewa, da Ɗan Anace bai ɓata bakinsa a kansa ba.

Saboda haka kirana ga masu shirya kokowa da dambe a garuruwanmu lokacin kaka: kada ku kwaso wannan ɗabi'a. Na fara jin ana cewa kada a haɗa wane da wane, wai kada gwarzon gari ya faɗi gaban baƙi. Ku bar shi ya faɗi a Bangi, ya tashi ya gyara, ya fi a lallaɓa shi har Tawa a kayar da shi a kamun farko. Ku kuma matasa masu kwana kallon waya, kuɗinku ne ke raya wannan ciniki. Ranar da aka sanar da zakara zai kara da wanda kowa ya san ba tsaransa ba ne, ku kashe waya ku yi barcinku. Joshua ya cika shekara 36 a 2025, lokacin da ya rage masa a fage ba shi da yawa. In Fury yake so, a haɗa su. In kuma sai ya share fage, a kawo masa wanda zai iya kayar da shi.