Ke Ma Share Hawayenki



Ran nan na je gida Ƙofa, na iske ƙanwata tana sharɓar kuka. Wai dangin saurayinta sun ce a fasa, don tana ɗingishi tun shan-inna da ta yi tana ƙarama.

Na ce, "Haba ƙanwata, zo ki ji labarin Red Rum, wani doki da aka horar a Ingila. Da ciwon ƙashin kofato aka saye shi a 1972. Mai horar da shi, Ginger McCain, bai yar da shi ba, ya riƙa kai shi sukuwa bakin teku cikin ruwan gishiri har ƙafar ta yi sauƙi. A tseren Grand National, inda doki ke tsallake shinge 30, shi ya zo na ɗaya a 1973, 1974 da 1977. Da ya mutu a 1995, a filin tseren aka binne shi don girmamawa."

Ta harare ni. "Yaya, wato ni doki ce?" Sai ga ta tana dariya.

Na ce, "A'a, mai sanin darajarki dai yana nan tafe, in Allah ya yarda."

Iyaye, a duba lamarin nan. Sai fitowa ta gaba.