Wutar Lantarki Ba Ta San Na Gida Ba

A hutun daminar da ta wuce na koma gida Ƙanƙara, na tarar da zaman makoki a ƙofar gidan maƙwabcinmu. Yaron da ya rasu bai wuce shekara 17 ba, yana koyon sana'a ne a wurin wani mai gyaran wuta. Kwana biyar ke nan unguwar ba ta ga wuta ba, sai wani mai kanti ya kira shi ya ɗaure masa wayar da iska ta tsinka. Yaro ya jingina tsani, ya hau da jiƙaƙƙen silifa, ya kama waya da hannu biyu yana murɗawa. A daidai wannan lokaci aka kawo wuta. Yaran unguwa suna ta sowa a wancan lungu, shi kuwa yana maƙale a sama. Da aka sauko da shi, wani ya ce a kwarara masa ruwa, wani ya ce a nemo madara. Kafin a sami abin hawa zuwa asibiti rai ya yi halinsa.

Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗi, watau kwana ne ya ƙare. Ni ma na gaskata da haka, domin ba mai wuce ranarsa. Amma fa addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya hore mu da kiyaye rai, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa hannu a ramin maciji don ya dogara ga ƙaddara ba. Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, ra'ayina shi ne yawancin mace-macen da wuta ke jawowa a garuruwanmu sakaci ne da rashin sani, kuma mu da aka kashe wa kuɗi muka yi ilmin zamani muna da kaso a cikin wannan alhaki muddin muka yi shiru.

Bari mu fara da abin da ya sa muka raina waya. Tun daga 1972 da aka kafa NEPA, zuwa 2005 da ta koma PHCN, har zuwa 2013 da aka sayar da harkar rarraba wuta ga 'yan kasuwa, jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, abin da mutumin karkara ya sani game da wuta shi ne rashinta. A watan Oktoba na 2024 ma, sa'ad da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu. Wanda ya saba ganin waya ba kome a cikinta mako da makonni, a hankali sai ya ɗauke ta tamkar igiya. Shi ya sa za ka ga an yi shanya a kan wayar da ta shigo gida, mai shayi ya kafa tebur a gindin taransifoma, yara suna wasan ɓuya a bayanta. Wutar da ba ta da lokacin tafiya kuwa ba ta da lokacin dawowa, kuma ba ta yin sallama.

Abu na biyu shi ne rashin sanin yadda wuta ke kisa. Mutane da yawa suna zaton sai babbar waya ta kan hanya ce ke da haɗari, ta cikin ɗaki kuwa ɗan ja kawai take yi. Wannan kuskure ne. Wutar gida tana zuwa da ƙarfin bolt 230, abin da ke kashe mutum kuwa shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, wadda ake aunawa da miliamfiya, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A kan miliamfiya 1 mutum zai ji ɗan tsiki. Idan ta kai 10 zuwa 20 sai naman hannu ya ƙage, yatsu su damƙe waya, mutum ya kasa saki ko da yana so. Daga 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har jini ya daina zagawa. To, ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Ashe wutar da ke kunna ƙwai ɗaya tak ta ishe ta kashe ƙato.

Abin da ke tsare mu a yawancin lokaci shi ne busasshiyar fata, domin tana tauye wuta ƙwarai. Da zarar fata ta jiƙe da ruwa ko gumi, wannan kariya ta kusan gushewa. Ga dalilin da ya sa damina ta fi haɗari, haka kuma banɗaki, da wurin injin markaɗe inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, da shagon walda inda yaro ke tsaye ba takalmi a kan ƙarfe. Wanda wuta ta ja da rani ya yi dariya, ita ce za ta kashe shi a watan Agusta.

Akwai kuma masu cewa ai gidansu da fis. Fis an yi shi ne don ya tsare waya daga ƙonewa. Fis mai amfiya 13 ba zai tsinke ba sai wutar da ke bi ta cikinsa ta ninka wadda ke kashe mutum fiye da sau ɗari. Ga shi kuma idan ya ƙone mun saba maye gurbinsa da guntuwar waya ko ƙusa. Abin da ke ceton rai shi ne wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne, da kuma wata ƙaramar na'ura mai katse wuta nan take idan ta ji miliamfiya 30 ta ɓace daga hanyarta. Kuɗin wannan na'ura bai kai na wayar hannun da ke aljihun yawancinmu ba. Amma mai gida yakan ce a rage kuɗin aiki, mai gyara kuma ya bar ramin soket na uku ba kome a bayansa. Araha dai ba ta ado.

Har wa yau zamani ya kawo sabbin haɗurra. Rashin wuta ya cika Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da janareto da sola. Mutum zai sayi janareto ya cusa wayarsa a soket ba tare da makunnin da ke raba gidansa da layin gari ba. Wutar nan sai ta koma da baya, ta bi ta taransifoma, ta hau zuwa dubban bolt, ta iske ma'aikacin da ke kan falwaya yana aiki da tabbacin an kashe layi. Sola kuwa muddin rana na haskawa faifanta na ba da wuta, inbata kuma tana fitar da bolt 230 daga batir ko da gari duka na cikin duhu. Wasu na'urori ma, irin su talabijin da ita kanta inbata, sukan riƙe ragowar wuta a cikinsu bayan an zare su. Yaron da ya koyi aiki da ido kawai, wa zai gaya masa wannan?

Kada mu ɗora laifin duka a kan talaka. Manyan layuka masu bolt 11,000 da 33,000 suna ratsa kan kasuwanni da gidaje, a kan tsofaffin turaku da suka karkace. A watan Afrilu na 2017 irin wannan waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, aƙalla mutum bakwai suka mutu. A ƙarshen 2022 a unguwar Gwargwaje ta Zariya babban layi ya faɗa a kan ƙarami, wuta mai ƙarfi ta kwarara cikin gidaje da dare, aka yi asarar rayuka da dama. Waɗannan mutane ba su taɓa waya ba, waya ce ta iske su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, waɗanda aka kwashe musu ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, su za ka tsare da zancen waya? Amsata ita ce, rashin tsaron ne ma ya ƙara wa matsalar nauyi. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari, gidan da aka yi wa waya don iyali ɗaya yanzu yana ɗauke da uku, ana ta jona waya daga ɗaki zuwa ɗaki ana naɗewa da leda. Samarin da suka rasa gona sun koma gyaran wuta da cajin waya da walda ba tare da horo ba. Kuma maganin ɗan bindiga ya fi ƙarfin ɗalibi, amma maganin wannan yana hannunmu. Uwar da ɗanta ya tsira daga daji ya zo ya mutu a kan tsani, hawayenta bai fi na kowa sauƙi ba.

To, me ya kamata a yi? Da farko, kowane ɗayanmu ya koma gida da ƙa'idodi kaɗan ya koya wa ƙannensa da masu gyaran unguwarsu. Kowace waya a ɗauke ta tana da wuta, sai an kashe babban makunni, an cire fis an sa a aljihu, an kuma gwada da tasta. Kada a taɓa kayan wuta da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmin roba. Hawa falwaya aikin ma'aikatan kamfani ne, wanin su in ya hau ya yi karambanin akuya gai da kura. Idan wuta ta kama mutum kada a cafke shi da hannu, a kashe makunni, in ba hali a ture shi da busasshen icce. Idan babbar waya ce ta faɗo, icce ma ba ya tsare kowa, a ja da baya aƙalla mita 10 a hana jama'a matsowa. Wanda aka raba da wuta ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har a kai ga likita, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan jini ya tsaya. Madara da ruwa ba su tayar da zuciya. Wanda ya farfaɗo ma a kai shi asibiti, don wuta takan yi ƙuna a ciki inda ido ba ya gani.

Sa'an nan ku 'yan'uwa da kuka riga mu kama aiki a ƙananan hukumomi da ma'aikatu, ta teburinku takardun kwangilar sa wuta a makarantu da ɗakunan shan magani ke bi. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA wadda doka ta ɗora wa duba ayyukan wuta da ba masu aikin takardar shaida. Ku tambayi ɗan kwangila takardarsa, ku je ku ga sandar ƙasa da idonku kafin ku sa hannu a biya shi. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai su haɗu su nemi a ware wani abu daga ayyukan mazaɓa don a ba masu gyaran wuta horo na 'yan makonni, da taimakon malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Mu kuma riƙa rubuta wa kamfanin wuta a kan kowace falwayar da ta karkace da kowace taransifomar da ba shinge, mu ajiye kwafi, domin kukan baki yakan bi iska, takarda kuwa tana zama shaida.

Ranar da zan dawo makaranta na bi ta ƙofar kantin nan. An riga an ɗaure wayar, an naɗe ta da baƙar leda, tana lilo a daidai kan mai wucewa. Ƙanen marigayin, ɗan shekara 12, shi ne yanzu ke riƙe wa mai gyaran jakar kayan aiki. Na tsaya na gaya masa abin da na sani, ya saurara, ya ce ba wanda ya taɓa faɗa masa. Irinsa suna da yawa a garuruwanmu, kuma hutu na nan tafe. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.