Kaset Ɗinmu Na Lalacewa A Cikin Akwati

Jama'a, masu sayen na'urar shigar da bidiyo cikin kwamfuta don watsa biki kai tsaye a Facebook, ban hana ku ba. Amma a ganina babban aikinta shi ne ceto tsofaffin kaset. Hawan sallar Talata Mafara, bukukuwan auren Bakura da Maradun, wasu tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, suna nan zafi da ƙura na cinsu.

In za ka saya, nemi mai ramuka uku: ja, fari da rawaya. Mai HDMI kaɗai ba ta karɓar tsohon injin bidiyo. Ka tabbata tana karanta PAL, tsarin kaset ɗinmu, kada hoton ya fito ba kala. Kaset mai awa uku, awa uku za ka zauna, sai ka tanadi man janareta. Injin kuwa lallaɓa shi, kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera shi tun 2016.