Bongo da mazari: Me ya sa ake ceton ɗaya a manta da ɗaya a Kenya?

A watan Fabrairun 2025 jirgin sama ya sauka a Kenya ɗauke da bongo 17 daga jihar Fulorida ta Amurka. Bongo dabba ce dangin mazo, ja mai ratsin fari, kuma namijin kan kai kilo 400. Irin da ke zaune a dazukan Dutsen Kenya da tsaunukan Aberdare bai kai 100 ba a daji, sakamakon farauta da cututtukan shanu da sare itatuwa.

Wannan ne karo na biyu, domin a 2004 ma an dawo da 18 daga gidajen namun daji na Amurka.

Sai dai a rafukan waɗannan dazukan akwai wani ƙaramin ƙwaron mazari da masana ke kira Platycypha amboniensis, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a can. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi a mataki ɗaya da bongon: dab da ƙarewa.

Bongo na jan hankalin masu yawon buɗe ido da masu ba da tallafi, kuma ana iya kiwonsa a killace har ya hayayyafa. Mazari kuwa ba shi da 'yan uwa a gidan zu da za a ɗauko. 'Ya'yansa a cikin ruwa suke girma, suna buƙatar rafi mai tsafta da inuwar itatuwa. Da zarar an sare bakin rafi an yi gona, laka ta gurɓata ruwan, shi ke nan.

Matsalar ta wuce Kenya. A 2021 IUCN ta ce kashi 16 cikin 100 na nau'o'in mazari 6,016 da ta tantance na fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin ya shafi mutane kai tsaye, domin daga Aberdare birnin Nairobi ke samun mafi yawan ruwan shansa, kuma ɓacewar mazari alama ce ta lalacewar rafukan.

Katangar lantarki mai tsawon kusan kilomita 400 da aka kammala a Aberdare a 2009 ta kare dajin da ke ciki, bongo da mazari duka sun amfana. Amma rafukan da ke gangarowa cikin gonaki suna waje. Ƙaruwar bongo a killace ba ta nufin dajin ya farfaɗo, sai an duba ko mazari na nan a bakin rafi.